AN YI WA AWAKINMU ALLURA, ME KUMA YA KAWO ƊIBAR JINI?

Akwai wata tambaya da takan taso a taron ƙungiyoyinmu na manoma a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tun ba daga bakin mata masu kiwon awaki ba. Sukan ce, "To, malamin dabbobi ya zo ya yi wa bisashenmu allurar rigakafi, mun kama masa su ɗaya bayan ɗaya, mun kuwa gode. Me zai sa bayan wata ɗaya ko biyu wani ya sake dawowa da 'yan kwalabe yana neman jininsu? In allurar tana aiki, gwajin na mene ne? In kuwa ba ta aiki, don me aka wahalshe mu?"

Tambaya ce mai ma'ana, ba kuwa mutanen karkara kaɗai suka yi ta ba. A zamanin annobar korona, wadda ta shigo Nijeriya a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, manyan ƙasashe sun kashe kuɗi mai yawan gaske wajen gwada mutane, mai ciwo da mai lafiya duka. Da allura ta samu, aka yi wa yawancin jama'arsu, sai gardama ta tashi a kan ko har yanzu akwai amfanin gwada kowa da kowa. Ingila ta daina gwajin kyauta ga jama'a duka a watan Afrilu 2022, gama ko da yake allurar ba ta hana kamuwa ɗungum ba, ta rage masu kwanciya asibiti da masu mutuwa ƙwarai. Amma mu ba sai mun je Ingila neman amsa ba. Amsar tana cikin labarin shanun ƙasarmu, dattawanmu da yawa kuwa sun ga abin da idonsu.

GWAJI IRI BIYU NE

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu rarrabe abu biyu da akan haɗa da suna ɗaya.

Akwai gwajin da akan yi wa dabba mara lafiya. Malami yakan goge majinarta ko kwantsar idonta da 'yar auduga, ko kuwa ya yanki wani abu daga huhu ko hanjin wadda ta mutu, ya aika ɗakin bincike. Abin da ake nema a nan shi ne ƙwayar cutar da kanta, watau ɓarawon yana cikin gida ana so a kama shi a san ko wane ne.

Akwai kuma gwajin jini da akan yi wa dabba mai lafiya, tana tsaye tana cin harawarta. A nan ba ƙwayar cutar ake nema ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin dabba, jikin yakan ƙera waɗansu 'yan dakaru a cikin jini domin su yaƙe ta, bayan an gama yaƙin kuma dakarun nan sukan zauna, wani lokaci shekara da shekaru. Allurar rigakafi ma haka take yi. Ƙwayar cutar ce aka raunana ta har ba ta iya kawo ciwo, aka sa wa dabba domin jikinta ya ƙera dakarun tun kafin abokin gaba na gaske ya iso. Saboda haka gwajin jini sawu yake gani. Ga kuma inda gizo yake saƙa: a yawancin alluran da muke da su, sawun da allura ta bari da sawun da ciwo ya bari iri ɗaya ne, mai bincike ba ya iya cewa wannan na wane ne. Ku riƙe wannan maganar, za mu komo kanta.

LABARIN BUSHIYA

Yaran yanzu ba su san bushiya ba, sai dai wadda take da ƙaya. Amma babu ciwon da ya taɓa firgita mai shanu kamarta. Saniya takan yi zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo mai wari ya biyo baya, cikin kwana goma ta faɗi. Wajen shekarar 1890 ta ratsa ƙasar Hausa ta kashe shanu har mutane suka sa wa annobar suna Sannu, domin ba abin da mutum zai ce wa mai garke sai wannan. Saboda ita ne aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, can ƙasar Jos, a 1924, saboda ita ne kuma aka san huji da malaman huji a ƙauyukanmu.

Wajen 1960 wani likitan dabbobi Bature mai suna Walter Plowright, yana aiki a ƙasar Kenya, ya haɗa wata allura wadda ba a taɓa samun irinta ba. Ba ta da tsada, ba ta kwantar da saniya, tsira ɗaya kuma ya ishe ta har iyakar ranta. A 1961 aka yi taro a Kano, aka shirya yaƙi na haɗin gwiwa wanda aka kira JP15. Aka fara shi a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, daga baya ya bazu har ƙasashe 22. Kowace shekara, har shekara uku a jere, ma'aikata suka bi ruga ruga da mashaya mashaya suna yi wa shanu allura, suna huda kunnen kowace domin shaida. Lardin Katsina ma yana ciki. Kafin a rufe aikin a 1976 an yi wa shanu fiye da miliyan 70.

Abin ya yi kyau ainun. A tsakiyar shekarun 1970 kusan an daina jin labarin bushiya a Nijeriya. To, a nan ne aka yi kuskuren da muke so ku lura da shi. Da aka ga shiru, sai aka ɗauka an gama. Yarjejeniyar ita ce kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura, amma kuɗin waje ya ƙare, motoci suka lalace, firji suka mutu, hankalin hukumomi ya koma wani wuri. Babban abin kuma shi ne, ba a kafa wata hanya ta bin sawun cutar ba. Ba mai zagayawa yana ɗibar jinin ƙananan shanu ya ga ko tana nan tana yawo a ɓoye, ba kuma mai awon garke ya ga kashi nawa ne har yanzu suke da kariya. An ƙidaya alluran da aka yi, ba a bincika ko cutar ta mutu ba.

Ashe ba ta mutu ba. Ta maƙale a wurare biyu masu wuyar shiga, ɗaya a fadamun kogin Kwara tsakanin Mali da Muritaniya, ɗaya kuma a kudancin Sudan da kewayensa. A nan gida kuwa, shanun da aka huda wa kunne suka tsufa, aka sayar, aka yanka, 'ya'yansu da jikokinsu da ba su taɓa ganin allura ba suka cika garake. Garken da mai shi yake gani lafiya lau, a gaskiya busasshiyar ciyawa ce tana jiran ashana.

A 1980 cutar ta ɓullo ta wajen Sakkwato daga yamma. A farkon 1983 wata ta shigo ta Borno daga Chadi, ta fi ta farko zafi, ta game Arewa cikin 'yan watanni. Lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Kaduna, gama ba a yanke Jihar Katsina ba sai 1987. Wanda ya kai shekara hamsin a cikinku zai iya tuna yadda aka shiga neman allura ido rufe, da yadda nama ya zama ba mai so a kasuwa. Ba Fulani kaɗai abin ya taɓa ba. Manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin shanun huɗa ya wayi gari da garma ba abin ja. Har ɓauna da gadu a dajin Yankari sun mutu. An kimanta hasarar Nijeriya a wannan annoba da kusan dala biliyan 2.

YADDA AKA GYARA

A 1986 aka sake ɗaura ɗamara da wani sabon yaƙi na Afirka duka, wanda ake kira PARC, ƙarƙashin ofishin kula da dabbobi na Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka. Allurar dai ita ce ta dā, amma wannan karon an haɗa ta da gwajin jini. An sami wata hanyar gwaji mai sauƙi da araha, sunanta ELISA, wadda ma'aikaci ɗaya zai iya gwada jinin ɗaruruwan shanu da ita a yini. Bayan kowane zagayen allura sai a tafi waɗansu garake a ɗebi jini, a ga a cikin shanu ɗari nawa ne suke da dakarun nan. Abin da ake so shi ne a kai tamanin ko fiye, domin in an kai nan cutar ba ta samun gadar da za ta haura daga wannan saniya zuwa waccan.

Abin da gwajin ya tona ya ba ma'aikata da yawa kunya. Sau da yawa takarda takan nuna an yi wa shanu kaza allura, jini kuwa ya nuna waɗanda suka sami kariya ba su kai haka ba ko kusa. Dalili ba boyayye ba ne. Allurar tana da rai, zafi yana kashe ta. In ƙanƙarar da ke cikin akwati ta narke a hanya, ko aka dama allura da safe aka yi ta yawo da ita har azahar, to ruwa kawai ake tsira wa dabba. Wani kuma yakan ɓoye rabin garkensa a daji. Wani maraƙin an yi masa tun yana da kariyar da ya sha a nonon uwarsa, ita kuwa wannan kariya takan kashe allurar kafin ta yi aiki. Duk waɗannan ba mai iya ganinsu da ido. Saniyar da allura ta kama da wadda ba ta kama ba, tafiyarsu ɗaya, kiwonsu ɗaya, sai ran da ciwo ya zo.

Ga amsar farko ke nan ga 'yan'uwanmu mata. Mai ɗibar jini bayan allura, aikin mai allura yake dubawa. Ku ne kuwa kuka fi kowa cin ribar wannan dubawa.

Sa'an nan sai aka zo mataki na biyu, wanda ya fi ba mutane mamaki. Nijeriya ta ga bushiya ta ƙarshe a 1987. Bayan an yi shekaru ba a gan ta ba, sai masana suka ce wa ƙasashe, "Yanzu ku daina allura ɗungum." Masu shanu da yawa ba su ji daɗin wannan ba, har da waɗansu likitoci, kuma ba za a ga laifinsu ba, gama wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma ku tuna abin da muka ce ku riƙe. Muddin ana allura, kowace saniya tana da sawu a jininta, ba yadda za a gane ko cutar tana nan. Allura takan kuma rufe ciwo, ya riƙa kama ɗaya a nan ɗaya a can, ba ya tashi sosai balle a lura da shi. Sai an daina, an bar sababbin maruƙa sun taso ba allura, sa'an nan a ɗebi jininsu. Akan zaɓi waɗanda suka wuce shekara ɗaya, domin kariyar nono ta gushe, waɗanda kuma aka haifa bayan an daina allura, ana gane shekarunsu ta haƙora. In aka sami sawu a jinin irin waɗannan, to cutar tana kusa. In aka yi shekara biyu ana nema ba a samu ba, sai a shaidi ƙasar.

Har ma an hana yi wa awaki da tumaki allurar bushiya, wadda a dā akan yi musu domin ta kare su daga tasu annobar, don kada su rikita lissafi.

Da wannan hanya aka bi cutar har maɓoyarta ta ƙarshe, a kan iyakar Kenya da Somaliya da Habasha, inda ta yi sanyi har ba ta cika kashe shanu ba, sai namun daji ne suke tona asirinta. An gan ta gani na ƙarshe a jikin ɓauna a dajin Meru na Kenya a 2001. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Bayan agana, wadda aka yi shelar ƙarewarta a 1980, ita ce cuta ta biyu da ɗan adam ya taɓa kawarwa.

BA SAI AN GWADA KOWACE DABBA BA

Kada wani ya ɗauka cewa an bi shanun Afirka ɗaya ɗaya ana ɗibar jini. Ba ƙasar da za ta iya wannan, ba kuwa a bukace shi ba. Ku dubi mai sayen masara a kasuwar Dandume ko Funtuwa. Ba ya kwance kowane buhu ya zazzage. Yakan soka ɗan bututun ƙarfensa a wannan buhu da wancan, sama da ƙasa, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa, ya san irin kayan da ke gabansa.

Masu lissafi sun auna abin. A ce a cikin kowace dabba ɗari guda ɗaya ce take da sawun cuta. In aka zaɓi dabba 300 ta hanyar ƙuri'a, ba son rai, to sau 95 cikin 100 za a ci karo da aƙalla guda ɗaya mai sawun. Abin mamaki kuma shi ne, ko dabbobin ƙasar dubu ɗari ne ko miliyan goma, adadin da ake bukata bai canja sosai ba. Don haka a aikin bushiya akan zaɓi garake ko ƙauyuka wajen 300 a yanki, a duba su da kyau.

Amma fa akwai sharaɗi. In mai sayen masara ya soki buhunan bakin ƙofa kaɗai, waɗanda mai kaya ya jera masa, an cuce shi. Haka nan in ma'aikata suka ɗebi jini a garuruwan bakin titi kaɗai, inda mota take isa ba wahala, lissafin nan ya rushe.

Ta nan za ku ga yadda allura take canja aikin gwaji. Inda ba allura, gwaji shi ne dukan makamin. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata babbar gonar kaji kusa da Jaji a watan Fabrairu 2006, karo na farko a Nijeriya, gwamnati ta zaɓi kada a yi allura. Sai ya zama dole duk inda kaji suka mutu a gwada, in an samu a kashe sauran a binne, a biya diyya. Aiki ne mai tsada da ɓacin rai. Inda kuwa allura ta game, yawan gwaji yakan ragu nesa ba kusa ba, sai dai ɗan da ya rage tilas a yi shi a inda ya kamata.

INDA MAI ALLURA BA YA KAIWA

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu a nan. Ba sai an gaya wa mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara halin da aka shiga a 'yan shekarun nan ba. Akwai ƙauyukan da suka watse, akwai waɗanda ma'aikacin gwamnati ya daɗe bai taka ba. Dabbobin sata sun yi ta ratsa daji tsakanin Katsina da Zamfara da Birnin Gwari ba mai duba lafiyarsu. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da namu uku, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, kafin daga baya a sassauta. Mutanen da suka gudo gari sun zo da 'yan awakinsu, sun haɗu da na masu masauki a turke ɗaya.

A irin wannan hali, in ofis bai sami rahoton ciwo daga wani yanki ba, wannan bai nuna lafiya ake ba. Mai yiwuwa ne ba wanda ya je, ba kuma wanda ya iya fitowa ya faɗa.

Shan inna ya nuna mana haka a fili. Bayan shekarun ɗiga wa yara maganin rigakafi gida gida, Nijeriya ta yi shekara biyu, daga 2014, ba a ga yaron da asalin cutar ta shanye ba, har an fara murna. A watan Agusta 2016 sai ga ta a Borno, a jikin yaran da suka fito daga yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Da aka binciki ƙwayar cutar, aka gane ta yi shekaru tana yawo a can ba wanda ya sani. Shan inna kuwa ya iya ɓuya, gama a cikin yara wajen 200 da ya kama, ɗaya ne yake shanyewa. Domin wannan ne tun 2011 aka fara ɗibar ruwan kwatami a Kano ana gwadawa, kwalba guda ta ba da labarin unguwa guda, ba tare da an taɓa yaro ko ɗaya ba. Sai a watan Agusta 2020 aka shaidi Afirka cewa ta rabu da asalin cutar, har yanzu kuwa ba a daina ɗigawa da gwadawa ba.

Masu yaƙi da bushiya ma sun gamu da irin matsalarmu a kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙi, da ƙasar Afar ta Habasha. Abu biyu ne suka fisshe su. An gyara allurar yadda za ta jure zafi har wata guda ba firji. An kuma koya wa makiyaya da kansu, waɗanda jama'arsu suka zaɓa, yadda za su yi allura da yadda za su kawo labari. Mutanen nan, waɗansunsu ko karatu ba su yi ba, sun kai inda mota ba ta kaiwa, gwajin jini kuma ya nuna aikinsu bai kasa na ma'aikatan gwamnati ba. Likitoci suka koyi zama a gindin itace su saurari dattawan makiyaya, domin mai garke ya san ciwon da ya ratsa garkensa bara da bara waccan. A ganina wannan ne darasin da ya fi dacewa da ƙungiyoyinmu.

YANZU SAURA AWAKI DA TUMAKI

Bushiya ta tafi, amma ta bar ƙanwarta. Ita ce annobar nan ta awaki da tumaki wadda likitoci suke kira PPR, dangi ɗaya suke da bushiya da ƙyandar yara. Kun san ta ko da ba ku san sunan ba. Akuya ta yi sanyi, ta ƙi ci, majina ta toshe hanci, ido ya manne da kwantsa, baki ya yi gyambo yana wari, sai zawo da tari. Takan fi tashi da hunturu da kuma farkon damina, takan kuma biyo sabuwar dabbar da aka sayo. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, tana iya kashe fiye da rabi. Akuya kuwa ita ce asusun mace a ƙauye, ita ce kuɗin makaranta da na asibiti da na taki.

An fara bayyana cutar a ƙasar Kwaddebuwa a 1942. Allurar da yawancin ƙasashe suke amfani da ita, daga ƙwayar cutar da aka samu a jikin wata akuya a Nijeriya a 1975 aka yi ta, ana kuma haɗa ta a Vom. Tsira ɗaya yana kare dabba aƙalla shekara uku. A 2015 aka yi taro a Abidjan, ƙasashe suka ɗauki alkawarin kawar da ita kafin 2030, bisa hanyar da aka bi da bushiya.

Sai dai awaki sun fi shanu wuyar sha'ani ta wani fanni. Saniya takan yi shekara goma a garke. Akuya kuwa tana haihuwa da wuri, sau da yawa tagwaye, ana sayarwa, ana yankawa da salla da Kirsimati da suna da biki. Garken da aka yi wa allura kaf bana, baɗi war haka wajen kashi ɗaya cikin uku sababbi ne marasa kariya. Abin da ya ɗauki shanu shekara shida ko bakwai bayan JP15, awaki shekara biyu ya ishe su. Domin haka allurar shekara ɗaya ba ta wadatar ba, kuma mu a yanzu muna matakin allura ne da duba ko ta kama. Ba mu kai matakin dainawa ba tukuna, kada wani ya ji labarin bushiya ya ce shi ma ya daina.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Kwalbar allura guda takan ishi dabba hamsin ko ɗari, in an dama ta kuma tilas a gama da ita cikin awa biyu. Mai akuya huɗu ba zai iya wannan shi kaɗai ba, amma ƙungiya za ta iya. Ku sa rana, ku tara dabbobin unguwa duka a inuwa tun da sassafe, na ɗan ƙungiya da na wanda ba ɗan ƙungiya ba, na mai gari da na baƙon da ya gudo, har da na maƙwabtanmu Fulani in sun yarda, gama ciwo ba ya tambayar akuyar wa ce. Ku duba da idonku cewa kwalbar daga cikin ƙanƙara ta fito. 'Yan awakin da ba su kai wata uku zuwa huɗu ba a bar su, amma a rubuta su domin zagaye na gaba.

Magatakarda ya sami littafi guda domin wannan aiki kaɗai. Ya rubuta ranar allura, da sunan mai dabba, da yawan da aka yi wa, da yawan da aka bari, da lambar da ke jikin kwalba. In an yarda a yi wa dabba shaida a kunne, a yi. Ran da masu ɗibar jini suka zo, littafin nan ne zai gaya musu ko sawun da suka gani na allura ne ko na ciwo. In ba shi, rabin wahalarsu ta tafi a banza.

In sun zo, ku bar su su zaɓa da kansu. Kada ku turo musu masu ƙiba ku ɓoye ramammu. Jinin da suke ɗiba bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, daga jijiyar wuya, ba ya rage akuya da komai, ba ya hana ta ɗaukar ciki. Kuna da iko ku tambaye su daga wane ofis suke, ku kuma roƙi a aiko muku da sakamakon ta hannun malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wannan roƙo ku nace a kansa, domin yawancin zargin da ake yi wa masu ɗibar jini ya samo asali ne daga tafiyar da sukan yi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Dabbar da aka sayo a Sheme ko Ƙanƙara ko wata kasuwa, ko wadda aka karɓa kiwo, a ɗaure ta dabam har mako uku, da kwanon ruwanta dabam, kafin ta shiga cikin sauran.

In kuwa dabbar da aka yi wa allura ta kamu da ciwo mai kama da wanda muka kwatanta, kada ku yi shiru, kada kuma ku yi maza ku yanka ku kai kasuwa. Ku ware ta, ku aika wa malamin dabbobi a ranar, tun tana da zazzaɓi, domin a kwanakin farko ne ake samun ƙwayar cutar a majina da kwantsa. Wataƙila wani ciwo ne dabam mai kama da shi, kamar ciwon huhu ko tsutsar ciki, wanda yake da nasa magani. Wataƙila kuma allurar da aka yi a ƙauyenku ta mutu a hanya, in haka ne kuwa akwai sauran ƙauyukan da aka yi wa daga akwati guda, ya kamata a koma musu kafin hunturu. Inda malami ba zai iya zuwa ba saboda hanya, ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai waya wanda zai riƙa kai labari, ya faɗi ranar da ciwon ya fara, da dabba nawa suka kamu, da nawa suka mutu, da ko an shigo da wata sabuwa a makonni ukun da suka wuce.